Kan da kowa ke shafawa

Duk wanda ya san bakin tabkin Madarumfa ya san Delu mai bandar kifi. Mijinta Salisu ya kamo, ita ta kyafe, shekara ashirin ke nan. Mace ce mai faɗa, ba ta iya ganin abu ta yi shiru, shi ya sa ake shakkar bakinta ko da an san gaskiya gare ta.

Abin da ba kowa ya sani ba, tana shekara bakwai uwarta ta rasu. A gidan kawunta ta tashi, kuma ba a taɓa barin ta da yunwa ba. Sai dai duk baƙon da ya shigo aka ce masa ga marainiya, sai ya miƙo hannu ya shafa kanta don neman lada. Kai ya sha shafa, amma ba a samu mai zama ta tsefe shi ba, har kwarkwata ta yi gida aka sa reza. Bayan ta girma ta koyi kitso, da haushi ta koye shi.

Bana da kaka, saura mako guda yara su koma lakwal, wato makarantar boko, ta cika kwando da kifi ta nufi wani ɗan gidan marayu da ke bayan gari. Niyyarta ta ajiye, a yi mata addu'a, ta dawo. Malama Asma'u, tsohuwar malamar lakwal da ke riƙe da gidan ita kaɗai, ta nuna mata ɗakin ajiya: shinkafa, taliya, biskit, har da gwanjon da ya fi ƙarfin yaran. Masu kawowa suna kawowa, Allah Ya saka musu, su ɗauki hoto su wuce.

Yara goma sha huɗu aka jera su gaishe ta, tara mata. Kafin Delu ta farga, hannunta ya tafi kan wata yarinya mai suna Atika. Yarinyar ta kauce, ta dafe ɗankwalinta da hannu biyu.

Kunya ta kama Delu har cikin ƙashi. Ita ce yau take shafa kai.

Malama ta ba ta haƙuri, ta ce yarinyar tsoro take ji. Gashinta ya dunƙule, ga kwarkwata, jibi za a aske su duka kamar bara, don hannu biyu ba sa yin tuwon mutum goma sha huɗu su kuma yi kitson tara. Atika kuwa ta rantse in aka aske ta ba za ta sake taka lakwal ba, saboda bara "ƙwalƙwal" 'yan ajinsu suka riƙa kiran ta, alhali ita ce ta ɗaya.

"Malama, aje rezar nan," in ji Delu. "Ki ba ni Asabar."

Salisu ya yi ƙorafi, ya ce Asabar ce ranar da 'yan sari ke zuwa daga Maraɗi. Delu ta ce ai shi ma yana da baki, ya sayar.

Ranar Asabar ta iso da mataji, kibiya, sabulu da man kaɗanya. Sai da ta tuɓe nata kallabin, ta nuna wa Atika tabon da reza ta bar mata a ƙeya, sannan yarinyar ta yarda ta zauna tsakanin ƙafafunta. Daga hantsi har la'asar suna abu ɗaya. Atika ta yi kuka, Delu ta yi mata tsawa, ta kuma lallashe ta. Gashin gajere ne, ɗan shuku kawai ya kamu, amma ya kamu.

Ana gamawa sai ga wani alhaji ya kawo buhun masara. Aka jera yara, ya miƙa hannu. Wannan karon Atika ba ta kauce ba, ta ɗaga kai ta dube shi.

"Alhaji, a hankali. Kada ka ɓata mani kitso."

Kowa ya yi dariya ban da Delu. Ta juya wa mutane baya, ta share ido da bakin zane, don shekara arba'in tana jiran ta ji wannan maganar. Sannan ta goge matajin, ta ce a turo mata ta biyu, saura kai takwas.