Makulli a Ƙugu

Kullum da hantsi Jobeda mai shayi tana ganinsa a kasuwar kifi ta Chandpur: wani tsoho ƙashi da rai, kwandon kifi a ka, ruwan ƙanƙara yana bin gemunsa. Kifin duk Dhaka za shi, ba ta jin ya ɗanɗana ko ɗaya bana. Takunsa ba na ɗan dako ba ne, na wanda ya saba da gonar shinkafa ne. A ƙugunsa wani tsohon makulli yana reto.

Yau ya tsaya shan shayi.

"Baffa, ina ne gida?" in ji ta.

"Ina kwana a bayan tashar jirgin ƙasa."

"Haba Baffa, ba makwanci na tambaya ba. Gida, inda kakanninka suke."

Ya shafa makullin, ya nuna tsakiyar kogin Meghna da haɓa.

"Kin ga jirgin yashin can, uwata? Kan kabarin mahaifina yake wucewa. Ɗakina yana gaba kaɗan. Ruwa ya cinye garin."

Jobeda ta dubi ƙasan rumfarta da ke bakin kogin. Tsagar da ta gani jiya ta ƙara faɗi.