Mama Hadari da Kwandon Magani

Katanga ɗaya ce tsakanina da ita, gajeriya kuwa, in na yi ɗage har tukunyarta nake hangowa. Ni na laƙaba mata Mama Hadari, don kullum fuskarta a haɗe take kamar za a yi ruwa. Kitso nake yi a ƙofar gida, kun kuwa san bakin mai kitso ba ya hutu, nan da nan sunan ya bi unguwa har ya shiga coci. Ko ta ji haushi ban sani ba. Da ma ta yaya za a gane?

A coci ita ke shara, ita ke goge benci, ita ke riƙe kwando lokacin baiko. In an ɗauki waƙa muna juyi, tana tsaye ƙiƙam kamar turken wutar lantarki. Mu 'yan zumuntar mata mun daɗe da cewa ranar da aka raba farin ciki ta tafi kasuwa.

Mijinta tsohon kafinta ne, Baba muke ce masa. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a ɗakin baya tun kafin mu tare a unguwar. Ita ke juya shi, ta wanke shi, ta ba shi abinci a baki. Da yake 'ya'yansu sun watse akwai ɗakin da ba kowa, sai ya zama duk baƙon mai wa'azi a gidanta ake sauke shi. Tana da wata ɗabi'a: duk wanda ya kwana, da safe sai ta ce, "Bawan Allah, shigo ka yi wa Baba addu'a."

Na taɓa leƙowa na ce, "Mama, baƙo bai ko wanke ido ba kin ba shi aiki?"

Ta ce, "Ki kula da kan da ke hannunki, kin karkatar da tsagar."

Wata shekara Fasto ya yi tafiya, dattawa suka gayyato wani mai wa'azi. Farar kwat, farin takalmi, turarensa yana riga shi shiga wuri. In ya buɗe murya sai tsigar jikinki ta tashi. Ana gobe za a rufe taro ya ce duk mai bangaskiya ya kawo maganinsa gaban bagade, daga yau ya warke. Maigidana direban babbar mota ne, yana da hawan jini, likita ya ce kada ya kuskura ya tsallake ƙwaya. Shi ya fara tashi ya jefa ledarsa a kwando, muna ta tafi. Aka ce wa Mama Hadari ta kai magungunan bayan coci ta ƙona.

Washegari na leƙa ta katanga. "Mama, kowa ya kwashi warkarwa, ke ga mai wa'azin a gidanki kin bar Baba a kwance?"

"Zo ki taya ni juya shi."

Na shiga. Ɗakin a share yake tas, amma ɗakin jinya ba ya rasa warinsa. Mun gama kenan ta kira baƙon. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya zaro hankici ya toshe hanci. Baba ya miƙo masa hannunsa mai lafiyar.

Baƙon ya ce, "Mama, ku ɗauko shi zuwa taro. A gaban jama'a iko yake sauka."

Ya juya. Hannun Baba na nan a miƙe har sai da ita ta kama.

Na ce, "Wataƙila ƙyama ce kawai, Mama. Ni ma ai na riƙe numfashi."

"Amma kin riƙe masa kafaɗa. Zuciyar mutumin nan Allah ne ya sani, ba ni ba. Tun jiya nake addu'a a kan kwandon nan, raina bai kwanta ba. Wanda bai iya kama hannun marar lafiya ba, ba zan ƙona maganin marar lafiya a kan maganarsa ba."

Ta jawo kwandon daga ƙarƙashin gado. Ranar gida-gida ta bi tana mayar wa mutane, wasu suka karɓa a ɓoye, wasu suka ce mata marar bangaskiya. Maigidana na cikin na biyun. Ya ce in na sake ajiye ledar nan kusa da shi zai watsa ta a kwata.

Kafin mako ya zagayo ƙeyarsa ta fara sara, idonsa ya yi ja, in ya miƙe sai ya dafa bango. Ga shi an yi masa lodi, tafiya mai nisa. Na yi roƙo, na yi zolaya, na yi kuka, ya ce Shaiɗan ne ke gwada shi ta bakina. Ya ɗauki jaka zai fita, sai ga Mama Hadari ta cika ƙofa.

"Ɗana, Baba na kira."

"Mama, na makara."

"Shi shekaru yake jira, kai ba za ka jira shi ba?"

Ya bi ta, ni ma na bi. Ta zaunar da shi a bakin gado ta ce, "Dubi hannun nan da kyau. Shi ya ƙera bencin da kake zama a kai. Ciwonku ɗaya da shi. Shi ma wani mai daɗin murya ya ce masa ya warke, ya zubar da magani, ni na share ƙwayoyin da tsintsiya ina waƙa. Wata bai cika ba ya faɗi da zarto a hannu."

Ban taɓa jin wannan ba, duk saka idona. Baba ya damƙi wuyan hannun maigida, bakinsa na motsi, magana ta ƙi fita, kuma bai sake shi ba. Can maigida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ke, ina ledar nan?"

Tana ɗaure a haɓar zanina. Mama ta miƙo ruwa a kofin Baba, ya haɗiya. Ta sa ya nemi wani direban ya kai lodin, shi kuma ta tasa ƙeyarsa zuwa asibiti.

Yau yana nan da ƙafafunsa biyu, yana tuƙi, yana ƙorafin miya ba ta ji gishiri ba. In ya sauka daga tafiya, kafin ya shigo gida sai ya biya ya juya Baba. Ni kuwa da na je yi mata godiya, har na durƙusa na ce, "Mama, Ubangiji ya saka, ki faɗa mini abin da zan yi miki."

Ta ce, "Ki rage masa surutu. Shi ma yana hawar da jini."