Uwais da rubutun Inno Mahbuba

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ya san Uwais ɗan Malam Attahiru, dogon nan mai tafiya kamar ya manta wani abu a baya. Gidansu gidan karatu ne tun kaka da kakanni, amma shi Allah ya yi abincinsa a kwamfuta. Yana rubuta wa mutane manhaja a wani ɗan ofis a Kwangila, shi da wata abokiyar aikinsa, Miriam Kato. Mutumin kirki ne, wallahi, sai dai akwai taurin kai, irin na mai shiru-shiru da ba ya musu amma ba ya sakewa.

A gidansu ba a ajiye littafi a ɗaki. Komai a zaure yake, mai buƙata ya ɗauka. Da wannan tarbiyya Uwais ya shiga sana'arsa. Masu irin aikinsa suna da ƙananan kayan aiki da suke kira ta hanyar buga umarni a baƙin allo. Ana iya saka su cikin jakar kowane aiki, kowa da nasa, ana kuma iya saka su sau ɗaya a kwamfutar gaba ɗaya, duk ayyuka su riƙa ɗiba. Uwais na biyun yake yi, ko yaushe.

"Malam Uwais, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba," in ji Miriam wata rana. "Ka ba kowane aiki kayansa. Ranar da ka sabunta ɗaya saboda sabon aiki, tsofaffin duk za su ji a jikinsu."

Ya yi murmushi ya ce, "Malama, rowa ke nan. Abu ɗaya ya ishi kowa." Ya ci gaba da abinsa.

To, ana nan sai idon Malam Attahiru ya fara dushewa. Likitoci suka ce hawan jinin ido ne, an makara, abin da ya tafi ba ya dawowa, saura ma a hankali zai bi. Tsohon bai yi raki ba. Abu ɗaya kawai ya roƙa. Mahaifiyarsa, Inno Mahbuba, malama ce da ta karantar da matan unguwa, ta kuma bar waƙoƙin wa'azi da ta rubuta da hannunta cikin ajami. Tawadar ta koɗe, damina ta taɓa takardun, mai lafiyayyen ido ma sai ya ƙura.

"Uwais," in ji shi, "ina son in ƙara ganin hannun Inno kafin a rufe mini."

Uwais ya ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta manhajar da ke ware tawada daga dattin takarda, ta ƙara mata baƙi, ta girmama harafi. Ya sha wuya kafin ta daidaita, amma da ta daidaita, kai, sai ka ce jiya Inno ta ajiye alƙalami. Miriam ta ce ya buga ko shafi biyu ya kai wa Baba ya fara gani. Ya ƙi. Shi a dole sai ya kai littafi cikakke, ɗinkakke, mai bangon fata. Haba Uwais! Wa ya ce maka ciwo yana jiran maɗinki?

Saura kaɗan ya gama sai wani kamfani ya kawo musu aikin gaggawa, wanda ke buƙatar sabon zubin kayan gyaran hoto. Uwais ya buga umarni guda, ya sabunta na kwamfutar gaba ɗaya, bai ko tuna cewa aikin Inno ma daga nan yake sha ba. Da ya sallami kamfanin ya koma ya tayar da manhajarsa don ta ƙarasa sauran shafukan. Ta bi ta kan duka, har waɗanda aka gama, ta maye su da sababbi. Ya buɗe ya ga baƙi ƙirin, kamar an kifar da kurtun tawada a kan kowane shafi.

Hotunan asali suna nan, alhamdu lillahi. Amma wane zubi ne ya yi aikin da farko? Bai sani ba, don babu inda aikin ya ajiye sunansa. Ya sauko da wannan, ya ƙi jituwa da wancan. Ya gyara wancan, wani ya ɓalle. Miriam ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba, ta dai ja kujera ta zauna suna gwadawa tare. Wannan karon a cikin jakar aikin suke saka kayan. Kullum ya koma gida Baba zai ce, "Yaya aikin Inno?" Shi kuma ya ce, "An kusa, Baba." Ya rame, abinci ma ba ya shiga.

Sai bayan sallar layya suka dace. Aka buga, aka ɗinke. Uwais ya shigo zaure bayan la'asar, ya durƙusa, ya ɗora littafin a hannun mahaifinsa.

Malam Attahiru ya shafa bangon, ya buɗe, ya kawo shi dab da fuskarsa. Ya daɗe a haka.

"Masha Allah," in ji shi a hankali. "Hannun Inno ne, ba shakka. Dubi yadda take jan wutsiyar harafi. Allah ya yi maka albarka, Uwais."

Uwais ya ɗaga kai don ya ga wace waƙa ce Baba ya fara da ita. Farar takardar nan ce da maɗinki ke sakawa a farkon littafi, babu ko ɗigo a kanta.

Hawaye suka zubo masa, ya danne muryarsa don kada tsohon ya ji.

"Amin, Baba," ya ce.