Kwano Mai Jan Farce

Jiya a gidan suna a Unguwar Rogo, an kwashe tuwo, kowa ta wanke hannu, sai aka ce kada wadda ta ci. Wai kwanona ya ɓace.

Ba ni na sayi kwanon ba. Tun da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya kamu da tari wurin fasa dutse a Kalambaina, matan layinmu suka ware mana kwano guda, suka ɗiga masa jan farce a gindi. Likita ya ce tarin ba ya yaɗuwa. Maigidana ya rasu, na fita takaba, ko atishawa ba na yi, amma duk gidan da ake sha'ani kwanon kan riga ni zuwa.

Mata suka yi ta ɗaga kwanoni suna leƙa gindi, miya na zuba a zannuwansu. Can sai ga Inna Kulu, kakar jaririn, tana suɗe yatsu.

Wata daga cikinsu ta ce, "Inna, da wane kwano kinka ci?"

"Wanga mai ja. Kullum shi nika ɗauka, ba mai yi min wawaso."

"Inna, na mai tari na!"

"To ga ni, ban mutu ba. Ke Hadiza," ta dube ni, "taho mu ƙarasa."

Na zauna muka sa hannu. Rabon hannuna da haɗuwa da na wani a kwano tun maigidana yana raye. Ina dariya, hawaye na zuba.

Ku a layinku, wa aka ɗiga wa jan farce?