Curin da Kawu Ya Bari a Bayan Fitila

Kawuna mai fenti ne, irin masu rubuta sunan shago a allo. Aiki ɗaya ya taɓa yi da yake alfahari da shi: zanen taurari a silin ɗakin taurari na gidan nune-nunen kimiyya, mai kama da kwano a kife.

Masanin gidan ya ba shi hoto ya ce, "Taurarinmu garke ɗaya ne, mai faɗi kamar faranti. A can gefe kuma akwai tsofaffin taurari da suka dunƙule curi-curi, cunkushe, nesa da kowa."

Farantin bai dame shi ba, da buroshi ya watsa shi. Curi-curin nan ne suka shiga ransa. Da tsinken tsintsiya yake ɗiga su, ɗigo bayan ɗigo, yana kan tsani, wuya a karye, har fenti ya riƙa faɗa masa a ido. Matarsa takan ce, "Ka dawo, mijin taurari?"

Haushina shi ne, ba mai kallonsu. Baƙi su shigo, su ɗaga kai tsakiya, su fice.

Bayan ya tsufa, yanar ido ta fara rage masa gani, gidan ya sayo na'urar da ke haska taurari da kanta. Farin sili take so. Kuma don rashin ta ido, shi suka kira ya shafe.

Na ce, "Kawu, ka ƙi mana."

Ya ce, "In na ƙi, wani zai shafe duka. Ni kuwa zan bar ɗaya."

Ya shafe komai, ya sauko yana murmushi. Ya raɗa mini cewa ya bar mafi kyawun curin a bayan fitilar gefe, inda manajan gidan ba zai gani ba.

Na ari tsanin na hau. Lallai ya bar wuri, da'ira tsaf, ya zagaye ta da kulawa. Amma tsohon baƙin fenti ne zalla a ciki, ko ɗigo babu. Idon ne ya yaudare shi. Curin yana gefe kaɗan, farin fenti ya binne shi, sai ƙurajensa da na ji da yatsa. Na daɗe a sama don kada ya ji muryata ya gane.

Yanzu ba ya fita. Duk wanda ya zo gaishe shi, sai ya kama hannunsa ya ce, "In ka je, ka leƙa bayan fitila."