Ɗakin Yumɓu na Hajiya Asabe

Ina cikin aji ina duba aikin ɗalibai wayata ta yi ƙara. Maryamu ce, wadda muke zama tabarma ɗaya da ita a gidan Hajiya Asabe, wadda muke kira Mama. Ta ce, "Binta, Mama ta rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hajiya Asabe nas ce a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Da ta yi ritaya, sai ta share ɗaki ɗaya a gidanta na Shango, ta ajiye yumɓu da fenti da takardu, tana karɓar matan da damuwa ta danne. Likita ne ya tura ni wurinta bayan na yi ɓari, lokacin da barci ya ƙaurace mini, ko sallama aka yi sai gabana ya faɗi.

Ranar farko na ce, "Mama, ni fa ban iya zane ba." Ta ɗora mini curin yumɓu a tafin hannu, ta ce, "Wa ya ce sai kin iya? Murza kawai. Abin da kika kasa faɗa mini, hannunki zai nuna." Na yi ta murzawa har ya zama ɗan ƙaramin abu mai kai da ƙafafu. Na fashe da kuka. Ba ta hana ni ba. Ta matso kusa, ta ci gaba da nata ginin har na gama. Kullum kuma sai ta tambaya, "Kin sha maganinki? Yumɓu ba ya maye gurbin likita."

A zaman makoki, 'yarta ta riƙe hannuna a gaban matan unguwarmu ta ce, "Baiwar Allah, a ina kika san Mama?" Sai na ji bakina ya ce, "Maƙwabciyar yayata ce." Maryamu na gefena. Ta ɗaga murya ta ce, "Ni mara lafiyarta ce. Ita ta tashe ni." Na sunkuyar da kai. Matar da ba ta taɓa ƙyamar hawayena ba, ga shi na ɓoye ta, ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta yi ba. Har yau ban iya haɗa ido da Maryamu ba.

To bari in faɗa a nan: na yi ciwon damuwa, a ɗakin Mama na samu sauƙi.

Allah Ya jiƙan Hajiya Asabe, Ya haskaka makwancinta, Ya kwantar da hankalinta kamar yadda ta kwantar da namu. Allah Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, Ya dubi matan da ba su gama warkewa ba. Amin.