Motar da Ta Kayar da Surukina

Surukina, Allah ya jiƙansa, ya taɓa zuwa Kano sau ɗaya da fatake, kuma daga wannan tafiyar babu abin da bai sani ba a duniya. Kunnensa ya yi nauyi, amma idan ka faɗa sai ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki.

Shekarar da na auri ƴarsa muka dawo tare daga kasuwar Tarka, za mu gida wajen Ollelewa. Yana kan jaki da gorunan man shanu a rataye, ni ina biye a ƙasa, nesa kaɗan, kamar yadda kunya ta ce. Magariba ta wuce, duhu ya fara shiga, sai ga haske guda ɗaya yana tahowa daga kudu, da wani gurnani.

Na ce, "Baba, kamar motar Nasara ce."

Ya ce, "Kai, me ka sani? Mota ido biyu gare ta, na gani a Kano. Wannan mutum ne da fitila. Dubi ma yadda ya rakuɓe gefe ya ba ni hanya. Mai ladabi ne."

Ya zaburi jaki ya nufi ɓangaren da babu haske, har ya fara sallama. Ni dai na faɗa cikin ƙarangiya.

Allah ya taimaka yashi ya riƙe motar, tafiyar tata ba ta fi sassarfar raƙumi ba. Ta daki gora, gora ya daki jaki, jaki ya watsar da Baba cikin wata ƙaramar magarya ya kama gabansa. Rawani ya tsaya a reshe, man shanu ya wanke tsohon tun daga gemu har gwiwa.

Nasaran da ke ciki, wani mai auna hanya ne, ya sauko ya fara shafa gaban motarsa yana duba ko ta ji ciwo. Direban, Badamagare ne, shi ya jawo Baba daga ƙaya.

Ya ce, "Sannu Baba. Ba ka ga mota ba ne?"

Baba ya tofar da yashi ya ce, "Na ga rabinta. Ina kuka baro ɗaya rabin?"

Direban ya ce fitilar hagu ta mutu tun suna barin Damagaram, ya yi ta faɗa, Nasara ya ce guda ɗaya ta isa, ai daji ne babu kowa. Ga shi an sami kowa.

Sai Nasara ya yanke shawara: a sa tsoho a baya, ni kuma in zauna a kan ƙarfen da ya rufe ƙafar gaba ta hagu, in riƙe fitilar kwanansa. Haka na zama idon mota har ƙauyenmu. Ƙarfen na ƙona mini mazaunai, ƙwari na shiga bakina, Baba kuma daga baya yana gyara wa direba tuƙi.

Da safe jakin ya iso gida da kansa. Baba ya tara mutane ya ce shi da mota suka yi karo, kuma ita ce ta tsaya. Sannan ya kafa doka: duk wanda ya ga haske guda a hanya, ya bar hanyar gaba ɗaya, dama da hagu.

Mutane suka riƙe dokar sosai. A damunar nan limaminmu ya sayo fitila a Tanut, ya kunna ta ya nufo masallaci sallar lisha. Ya isa ya tarar babu kowa a sahu. Muna kwance cikin gonar gero, muna jira ta wuce.